Yaron da ya warke daga ciwon daji, dan Allah kar a jefar da takardunsa

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganata da iyayen da Allah ya jarraba da ɗa ko 'ya mai ciwon daji ce, waɗanda suka sha zirga-zirgar asibiti, aka sayar da awaki aka jinginar da gona, har Allah ya kawo sauƙi likita ya ce an sallame ku. Na san ba ku da yawa a ƙauyukanmu na Jigawa, don maganar gaskiya yawancin yaranmu da ciwon nan ya kama ba sa kaiwa ranar sallama, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce duk shekara yara kusan 400,000 ne ke kamuwa da kansa, wato ciwon daji, a duniya, a ƙasashen masu hali sama da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a irin namu ƙasashen kuwa ba sa kaiwa kashi 30. To amma dai kuna nan, kuma a ɗan asibitin sha-ka-tafi da nake aiki nakan haɗu da irinku jefi-jefi.

Abin da na lura shi ne ranar da aka dawo gida za a yi waina ko gumba a raba wa almajirai, 'yan uwa su zo barka, a gode wa Allah, daga nan kuma shikenan an rufe maganar ruf, ba mai sake ɗagata. Kati da takardar sallama da hotunan da aka ɗauka sai a cusa su a ƙasan akwati ko a soke a jikin azara, gara ta ci rabi damina ta jiƙa sauran. Wallahi ban ga laifin kowa ba, wanda ya kwana a barandar asibiti wata da watanni yana jin kukan ɗansa ba ya son ganin abin da zai tuna masa. Sai dai takardun nan ba na baya ba ne kawai, na gaba ne, kuma dalilin da ya sa na zauna rubutun nan kenan.

Wasu daga cikin magungunan da ake kashe ciwon daji da su suna barin tabo a jiki wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa, kuma ɗaya daga ciki shi ne fitowar ƙari a ƙwaƙwalwa. Ba wai tsohon ciwon ne ya dawo ba, a'a, sabon abu ne daban. Tun kafin hankalin wata uwa ya tashi bari in faɗa da wuri, mafi yawan yaran da suka warke ba za su taɓa samun wannan ba har su tsufa, kuma waɗanda abin ya fi shafa an san su, su ne waɗanda aka yi wa gashi da inji a kai.

Gashi shi ne wanda ake kwantar da mutum a ƙarƙashin wani babban inji a auna daidai wurin ciwon a sakar masa haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, kullum na 'yan mintuna har tsawon makonni, irin wanda mutanenmu ke tafiya Shika ta Zariya ko babban asibitin ƙasa na Abuja dominsa. Yaro ana masa shi a kai ne idan asalin ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ko a ido, ko bayan hanci da maƙogwaro, sannan a da can ana yi wa masu kansar jini ko da ba a ga komai a kan ba, saboda ƙwayoyin cutar suna zuwa su ɓuya a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka inda maganin da ake sawa ta jijiya ba ya isa sosai. Hasken yana kashe ƙwayoyin kansa ne ta hanyar lalata musu tsarin halittarsu na ciki, to a kan hanyarsa ta wucewa yana taɓa lafiyayyun ma, yawanci su gyara kansu su ci gaba da aiki, amma wata sai gyaran nata ya zo da kuskure ta zauna shiru. Duk manomi a nan ya san ƙuduji, wuta-wutar nan da ke cinye dawa da gero, irinta yakan kwanta a ƙasa shekara goma ko fiye ba ka ganin komai sai wata damina ka ga jan fure ya cika gona. To haka wannan ƙwayar take.

Iri biyu ne suka fi fitowa. Akwai wanda likitoci ke kira maninjiyoma, shi daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa ba daga cikinta ba, yawancinsa ba mai yaɗuwa ba ne, a hankali yake girma yana danne ƙwaƙwalwar, kuma idan aka gano shi da wuri a wurin da hannu zai kai ana yin aiki a cire mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Ɗayan kuma giliyoma, wannan daga cikin naman ƙwaƙwalwar yake, wanda ke biyo bayan gashi sau da yawa mai zafi ne mai saurin girma, Allah ya raba mu da shi.

A Amurka da Kanada akwai wani babban bincike da suka daɗe suna yi, asibitin yara na St. Jude da ke Memfis ne ke riƙe da ragamarsa, sun fara ne da bin sawun mutanen da suka yi kansa suna yara tsakanin 1970 da 1986 suka rayu aƙalla shekara 5 bayan gano ciwon. A 2006 suka fitar da abin da suka gani game da ƙwaƙwalwa, cikin mutum 14,361 an samu 116 da sabon ƙari ya fito musu, kaga bai ma kai ɗaya cikin ɗari ba a lokacin, a ciki akwai maninjiyoma 66 da giliyoma 40. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne lokacin, giliyoma tsaka-tsakinsa shekara 9 bayan ciwon farko, maninjiyoma kuma shekara 17. Ka lissafa da kanka, yarinyar da aka yi wa magani tana shekara 5, lokacin da abin zai taso tana da 22, tana ɗakin mijinta a wani gari da goyo a bayanta, likitan da ya duba ta ya yi ritaya ko ya bar ƙasar, uban da ya san komai wataƙila ya rasu. Sun kuma ga cewa iya yawan gashin iya yawan haɗarin, kuma yaran da aka yi wa suna ƙasa da shekara 5 sun fi shiga haɗarin giliyoma, don ƙwaƙwalwarsu tana tsakiyar girma. Daga baya a 2017 suka sake dubawa a cikin waɗanda aka yi wa gashi a kai kawai, suka ga zuwa shekara 40 da haihuwa kashi 5.6 cikin 100 sun samu maninjiyoma, wato adadin ba ya tsayawa, yana ƙaruwa ne yadda mutum ke ƙara shekaru. A Birtaniya ma sun yi nasu da mutum 17,980 suka fitar a 2010, aka samu ƙari 247, mafi yawa maninjiyoma, labarin dai ɗaya ne.

Wani abu da zai ba ku mamaki, makero na cikin abin da ya fara buɗe wa likitoci ido a kan wannan, eh makeron nan dai da ke cin kan yaranmu a makarantun allo da firamare. A Isra'ila tsakanin 1948 da 1960 an yi wa yara sama da 10,000 hasken a kai don gashin kansu ya zube a samu a kashe makero, ɗan kaɗan ne idan aka gwada da wanda ake yi wa mai kansa, kuma yaran lafiyarsu ƙalau ba su da wani ciwon daji. Bayan shekaru da aka bi sawunsu sai aka ga maninjiyoma ya ninka a cikinsu kusan sau goma a kan waɗanda ba a yi wa ba. Wannan ya nuna ƙarara hasken ne ke jawowa, ba sai mutum ya taɓa yin kansa ba.

Yanzu ga inda nake jin tsoro, kar wani uba ya karanta wannan ya ce to ai gara in ɗauke ɗana daga asibiti, ana kukan targaɗe kar a jawo min karaya. Dan girman Allah kar ka yi haka. Dama babbar matsalarmu a nan ita ce guduwa a tsakiyar magani, da zarar kumburi ya saɓe ko kuɗi sun ƙare sai a sulale gida, bayan wata biyu a dawo da yaro ciwon ya fi na da. Ciwon da ke jikin ɗanka yau idan ba a yi magani ba kashe shi zai yi, ba tantama, wancan kuwa abu ne da zai iya samun mutum kaɗan bayan shekara goma sha ko ashirin kuma da yawansa ana iya cirewa. Idan likitoci suka ce sai an yi gashi a yi. Su ma ai ba zaune suke ba, tun da aka gano wannan illa ake ta rage shi, a 2009 asibitin St. Jude ya nuna a kan yara kusan 500 masu kansar jini cewa za a iya warkar da su ba tare da an yi wa ko ɗaya gashin rigakafi a kai ba, sai dai a riƙa zuba magani ta allurar gadon baya. Sannan kansar da muka fi sani a yaranmu, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, wadda likita Denis Burkitt ya fara bayaninta a Yuganda a 1958 kuma take da alaƙa da yawan zazzaɓin cizon sauro, ita da allurai da ƙarin ruwa ake maganinta, ba a cika kai yaro ga inji ba. Mai kansar ƙoda ma idan an yi gashin yawanci a ciki ake yi ba a kai ba. Shi ya sa tambayar farko ita ce, an yi wa ɗana gashi? Idan an yi, a ina?

Bari in ba ku labarin wata baiwar Allah, da izininta nake faɗa kuma ba zan ambaci garinsu ba. Mijinta da uwar mijinta ne suka kawo ta wajenmu, matashiya ce ba ta kai talatin ba, 'ya'yanta biyu. Tana cikin daka da hantsi ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga, alhali tunda take ba ta taɓa farfaɗiya ba. Aka ce iska ce, aka yi ruƙiyya aka yi hayaƙi aka sha rubutu, har aka fara zargin kishiya, aka ɗau watanni a haka faɗuwar tana ƙaruwa, ga ciwon kai da take tashi da shi tun asuba. Da na dube ta sai na ga ido ɗaya babu, na tambayi mijin ya ce ai ƙyanda ce ta cinye shi tun tana ƙarama, haka aka gaya musu lokacin neman aure. Na ce a kira min mahaifiyarta. Da ta zo na ja ta gefe na ce, “Inna, dan Allah ki gaya min gaskiya, idon nan me ya same shi?” Ta daɗe tana kallon ƙasa sannan ta ce, “Ɗan nan, ba ƙyanda ba ce. Tana goye wani farin abu ya fito mata a ƙwayar ido yana ƙyalli da dare, aka kai mu birni aka cire idon, aka yi ta sa ta a injin wuta. Malam ne ya ce kar wanda ya ji, kar ta rasa miji.” Na ce takardu fa, ta ce tun shekarar da ruwa ya rushe ɗakinta.

Na rubuta duk abin da ta faɗa a takardar da na tura su da ita babban asibiti, aka ɗauki hoton kai aka ga ƙari a ɓangaren da aka yi gashin, aka ce maninjiyoma ne. Sai da aka sayar da shanun huɗa kafin a yi aikin, Alhamdulillahi tana raye tana shan maganin farfaɗiya, amma ganin ɗaya idon da ya rage mata ya ragu kuma bai dawo ba. Abin da ke ci min rai har yau shi ne watannin nan da aka ɓata, da mijin ya san tarihin tun farko, faɗuwar farko ma ta isa ya ɗauke ta sai asibiti. Ni ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi kuma ina sa a yi min, amma babban mutum da bai taɓa farfaɗiya ba ya fara ta rana tsaka, wannan maganar hoton ƙwaƙwalwa ce, a yi addu'ar a cikin mota ana tafiya.

Ɓoyon nan da muke yi shi ne ya fi damuna a duk maganar. Na san me ake gudu, mutanenmu da sun ji an ce yarinya ta taɓa yin ciwon daji sai a fara cewa ba za ta haihu ba, ko ana ɗauka, ko gidansu akwai mugun jini, sai manema su watse. Kansa ba a ɗaukarta ta zama tare ko cin abinci ko auratayya, wannan kowa ya sani ya huta. Amma ko an ɓoye wa duniya bai kamata a ɓoye wa mai jikin ba. Yaro da aka yi wa magani yana shekara uku ba abin da zai tuna, idan ya mallaki hankalinsa a zaunar da shi a gaya masa, wane irin ciwo ne, a wane asibiti, wace shekara, me aka yi masa. Jikinsa ne, shi zai ɗauke shi zuwa Legas ci-rani ko Fatakwal, inda ba Inna ba Baba da za a kira gefe a tambaya. 'Ya mace kuma in za ta tare, in ba a iya gaya wa dangin miji duka ba to shi mijin a gaya masa, namijin da zai fasa saboda ciwon da aka warke shekara goma sha biyar da suka wuce dama ba zai riƙe ta ranar da ta kwanta ba.

Ita kansar idon nan ma akwai wani ƙarin dalili, wani nau'inta gado ne, musamman idan ta kama ido biyu, masu irin wannan ko ba gashi jikinsu ya fi saurin fitar da wata kansar daga baya, kuma 'ya'yansu za su iya gada, don haka sai da na sa aka kai yaran baiwar Allahn nan biyu wajen likitan ido. Haka masu wata lalura ta gado mai sa tabo-tabo ruwan ƙasa da ƙananan ƙulli a fata, su ma likita ya kamata ya sani.

Abin da za a sa wa ido ba ɓoyayye ba ne. Ciwon kai sabo wanda ba irin na kullum ba, yana ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba ko ya tashi mutum daga barci, wani lokaci da amai ba tare da zazzaɓi ba, irin wannan ba na zuwa kemis a haɗo maganin maleriya da taifod ba ne karo uku karo huɗu. Ko gani ya fara dishi-dishi ko mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu, kunne ɗaya ya daina ji, hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta yi nauyi, tafiya ta zama da tangaɗi, magana ta riƙa sarƙewa. Wanda aka fi kuskurewa shi ne canjin hali, mutum mai fara'a ya koma shiru-shiru ko faɗa ba dalili, mantuwa ta yi yawa, ɗalibi mai ƙoƙari ya koma baya, a nan ne ake cewa an yi masa sammu ko ya fara shaye-shaye. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya zama wani abu daban mai sauƙi, amma ga wanda aka taɓa yi wa gashi a kai ba a jira a gani, a wuce asibitin Malam Aminu Kano ko Rasheed Shekoni a Dutse ko na tarayya da ke Birnin Kudu, kuma kalmar farko da za a gaya wa likita ita ce an taɓa yi masa gashi a kai yana yaro. Wannan jimlar kaɗai tana canza yadda zai dube shi.

Wasu za su ce to ko duk shekara za mu riƙa zuwa hoto ne, da wane kuɗin? A'a. Masana na ƙasashe daban-daban da suka zauna a kan wannan suka fitar da shawara a 2021 ba su wajabta hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI a kai a kai ga wanda ba shi da wata alama ba, sun bar shi a matsayin abin da mutum zai tattauna da likitansa su yanke tare, abin da suka ƙarfafa shi ne mutum ya san haɗarinsa ya san alamomin, kuma a riƙa duba shi ana tambayarsa. Wannan kuwa ko talaka zai iya. In an zo ɗaukar hoton, MRI ba ya amfani da irin hasken nan, wani hoton daban da ake kira siti sikan ne ke da shi ɗan kaɗan, shi ya sa ba a son yawan maimaita shi ga yara ba dalili, amma in likita ya ce ana buƙata da gaggawa a yi kawai.

Wanda ɗansa ke kan magani yanzu, kafin ku baro asibiti ka tsaya ka roƙi likita ko nas, ka ce ranka ya daɗe a taimaka a rubuta min a takarda ɗaya sunan ciwon, shekarar da aka gano shi, sunayen alluran da aka yi masa har da na gadon baya, in an yi gashi a wane sashe na jiki kuma nawa ne adadinsa, da lambar fayil ɗinsa. Ba roƙon alfarma ba ne, haƙƙinku ne. Ka kai shago a yi hoto-kwafi a manne ta da leda, ɗaya a wajen uwa ɗaya a wajen kawu ko wani yaya da ke birni, a ɗauke ta a waya a tura wa mutum biyu ta WhatsApp don waya ma tana faɗawa rijiya. Waɗanda nasu suka riga suka lalace kuma a koma asibitin da aka yi maganin, sashen ajiyar fayil, da cikakken sunan da aka yi rajista da shi da shekarar, in akwai tsohon kati ko ya yage a tafi da shi don lambar. In fayil ɗin bai samu ba a zaunar da duk wanda ya yi jinyar, uwa ce ko goggo ko kaka, tun suna raye, a sa wani mai ilimi ya rubuta abin da suka tuna, wane gari aka je, an sa yaron a inji ko ba a sa ba, ina aka yi masa zane da alƙalami a jiki kafin a kunna injin, kuma mako nawa aka yi ana zuwa.